Daga Gwandu Zuwa Kalgo: Yadda Ake Sayar Da Gida A Tashi Lafiya

  A wannan wata tafiya ta kai mu Jihar Kebbi, tsakanin wasu garuruwa biyu da ke ƙarƙashin masarauta ɗaya, wato Gwandu da Kalgo. Gwandu tsohon gari ne wanda tun fiye da shekaru 200 da suka wuce ya saba ganin ana sauke kaya ana kuma ɗaurawa. Kalgo kuwa gari ne da a 'yan shekarun nan yake ta karɓar baƙi, ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa, kowa da iyalinsa da tarkacensa. Tsakanin garuruwan nan biyu akwai darasin da ya shafi kowace matar aure, domin da wuya a samu macen da za ta ƙare rayuwarta ba ta taɓa tashi daga wani gida zuwa wani ba. Wata canjin wurin aikin maigida ne zai tashe ta, wata rabon gado, wata kuma gidan ne za a sayar don biyan wata bukata. To, yaya ake sayar da gida a tashi lafiya, ba tare da an tafi da haƙƙin kowa ba?

Gwandu, garin da ya san ƙaura

Wanda ya shiga Gwandu a yau zai tarar da gari mai natsuwa, zagaye da gonakin gero da dawa da lambuna, ba hayaniya irin ta manyan birane. Masana tarihi sun ce sunan garin ya samo asali ne daga kalmar gandu, saboda wurin gonakin Kanta ne, sarkin da ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16. Amma abin da ya ɗaga sunan Gwandu a duniya ƙaura ce. A watan Fabrairu na 1804 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah Ya yi masa rahama, ya yi hijira da jama'arsa daga Degel zuwa Gudu, maza da mata da yara da tsofaffi, aka ɗora littattafai a kan raƙuma, aka bar gidaje da gonaki. Daga Gudu suka yi ta sauka suna tashi cikin yaƙi da yunwa, har suka zauna a Sabon Gari ta ƙasar Zamfara, kafin su iso Gwandu a 1805. A cikin ayarin nan akwai Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793, ke nan tana da kimanin shekara 12 lokacin da suka sauka a garin. Uwargida, ki kwatanta a ranki irin ɗaurin kayan da iyayenmu mata na wancan zamani suka sha, babu mota, babu akwati, ga goyo ga tsohon ciki.

A shekara ta gaba, 1806, Muhammadu Bello ya fara gina wa garin ganuwa. Shehu ya zauna a Gwandu har zuwa wajen 1810 da ya koma Sifawa, daga nan ya koma Sakkwato a 1815, inda ya rasu a 1817. Ƙanensa Malam Abdullahi, wanda aka damƙa wa yammacin daula, shi ne ya riƙe Gwandu har aka san shi da Abdullahin Gwandu, kuma hubbarensa yana nan cikin garin, mutane na zuwa ziyara daga nesa. Wani Bajamushe matafiyi mai suna Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarimu, ya sauka a garin a 1853 zamanin Sarki Halilu, ya yaba albasar Gwandu, kuma a nan ne ya samu kwafin littafin nan na tarihin Songhai da Tambutu mai suna Tarikhus Sudan.

Hatta sarautar ma sai da ta ɗaura kaya. A shekarun 1860 fadar ta koma Ambursa, sannan a 1906 zamanin Turawa ta koma Birnin Kebbi, inda take har yau. Sarkin Gwandu yana zaune a Birnin Kebbi, amma sunan Gwandu bai bar sarautar ba. Ke nan tashi daga gida ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa, kuma ba abin kunya ba ne. Abin da ake dubawa shi ne irin sunan da mutum ya bari a inda ya taso.

Gidan da za a sayar

Abin da ya kai ni Gwandu shi ne tashin wata innata, matar ƙanen mahaifina wanda Allah Ya yi wa rasuwa. Ya bar ta da 'ya'ya biyar, maza biyu mata uku, duk sun girma. Babban yana aiki a Kalgo, har ya gina ɗan madaidaicin gida ya ware wa mahaifiyarsa sashe. Ƙanensa yana fatauci, matan kuwa kowacce na ɗakin mijinta. Gidan na Gwandu babba ne, zaure da shigifa ginin ƙasa, ɗakunan ciki na bulo da rufin kwano, ga rijiya da bishiyar darbejiya a tsakar gida. Ya yi wa Inna girma ita kaɗai, kuma gidan da ba kowa a ciki damina biyu ta ishe shi zama kango. Don haka aka yi shawarar sayarwa.

Tun kafin a yi sadakar arba'in wani dillali ya fara zarya a ƙofar gida. Babban wan marigayi, wanda duk muke kira Baffa, shi ya tare shi a zaure ya ce masa ba maganar ciniki sai Inna ta fita takaba. Wannan kuwa hukunci ne na shari'a. Matar da mijinta ya rasu tana zaman takaba wata huɗu da kwana goma, ko zuwa haihuwa in tana da ciki, kuma a gidan da take zaune lokacin rasuwar take yin ta. Idan gidan na mijin ne, magada ba su da ikon fitar da ita kafin ta gama. 'Yar'uwa, ki san wannan, domin akwai mata da yawa da ake kwashe wa kaya tun hawayensu bai bushe ba, su kuma suna zaton haƙuri ne ya wajaba a kansu.

Kowa ya san rabonsa tukuna

Da Inna ta fita takaba, Baffa ya tara 'ya'yan gaba ɗaya, ya kira malamin da ya san ilimin gado. Aka fara da bashin da ake bin marigayi, aka tambaya ko ya bar wasiyya, wadda shari'a ba ta yarda ta wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiya ba. Bayan nan ne aka zo kan rabo kamar yadda Allah Ya tsara a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12. Bari in ba da misali da lissafi mai sauƙi, ba ainihin kuɗin gidan ba. A ce bayan an biya bashi abin da ya rage naira miliyan 8 ne, kuma mamacin ba shi da iyaye a raye, sai mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mata uku. Matar za ta ɗauki tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, naira miliyan 1. Sauran miliyan 7 sai a kasa shi gida bakwai, kowane namiji ya ɗauki miliyan 2, kowace mace miliyan 1. Da matan mamacin biyu ne ko huɗu, tumunin nan guda ɗaya za su raba a tsakaninsu.

A nan ne nake son mu tsaya kaɗan. Ya zama al'ada a wurare da yawa idan aka zo rabon gida, sai a ji mace ta sunkuyar da kai ta ce ta bar wa 'yan'uwanta maza. Kyauta abu ne mai lada, amma kyautar da aka yi don kunya, ko don gudun a ce wance ta cika son abin duniya, ita ce take dawowa ta zama ƙulli a zuci bayan shekaru, musamman ranar da mace ta wayi gari da zawarci ko da marayu a gabanta. Abin da ya fi shi ne a faɗa mata adadin rabonta ƙarara, a ba ta lokaci ta yi shawara, in ta ga dama ta karɓa ta yi kyautar da hannunta. Ɗaya daga cikin 'ya'yan Inna tana aure a Kwantagora, ba ta samu zuwa ba, sai aka kira ta a waya gaban shaidu ta faɗi yardarta da bakinta, ta kuma wakilta mijinta ya sa hannu. Idan kuwa a cikin magada akwai ƙananan marayu, to maganar ta wuce zaure, sai a je gaban alƙali, domin ba a sayar da rabon maraya sai da dalilin da zai amfane shi.

Akwai kuma abin da malamai ke kira shufa'a. Idan gida na tarayya ne ba a raba ba, sai ɗaya daga cikin masu shi ya sayar da rabonsa ga bare, to sauran suna da ikon karɓe rabon nan su biya daidai kuɗin da baren ya biya. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani wadda ake karantawa a zaurukanmu, abokin tarayya ne yake da wannan haƙƙi, maƙwabci ba shi da shi, kuma wanda yake gari ya yi shiru har shekara ta wuce ya rasa shi. Duk da haka Baffa bai tsallake maƙwabta ba. Da kansa ya bi gida uku da suka haɗa katanga da gidan, ya shaida musu za a sayar, ko akwai mai bukata. Wanda ka yi shekara talatin kuna jin kukan yaran juna, bai kamata ya ji labarin cinikin gidanka a bakin dillali ba.

Gyara daban, ɓoye aibi daban

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Gidan da za a nuna wa mai saye yana son shiri tun da wuri, kuma yawancin shirin nan aikin mata ne. Mun fara da rage tarkace, domin gidan da aka daɗe a cikinsa ba ya rasa fasassun tukwane da tsofaffin katifu da gwangwanaye a bayan ɗaki. Abin da zai amfani wani aka bayar sadaka, ƙarafa aka sayar wa 'yan gwangwan, sauran aka ƙone. Tsakar gida da ta yi fili sai ta ƙara girma a ido. Aka kira magini ya yi wa zaure da katanga sabon yaɓe, aka gyara indararo, aka yashe kwata, aka zuba toka da kananzir a masai, aka yi wa bakin rijiya murfi. Turken awaki aka kwashe takinsa aka kai gona, aka share wurin tas. Ɗakuna kuwa aka buɗe tagogi suka sha iska, aka shafa farar ƙasa, aka turara. Duk wannan bai ci kuɗi mai yawa ba. Amma sa tayil ko canza rufi gaba ɗaya a gidan da za a bari, sau da yawa kuɗin ba ya dawowa, domin mai saye yana da nasa tsarin a ransa, wani ma rushewa zai yi.

Sai dai akwai ɗaki ɗaya na kusurwar gabas wanda yake ɗiga duk lokacin da ruwan watan Agusta ya kankama, har silin ɗinsa ya yi tabo. Mai fenti ya ba da shawarar a shafe tabon kawai, tunda rani ne ba mai ganewa. Inna tana zaune a kan tabarma tana tsince wake, ba ta ko ɗaga kai ba. Da yake ɗan fari ne ba ta faɗin sunansa, sai ta ce wa babban ɗan nata, "Kai, fenti ba ya tare ruwa. Duk wanda ya zo, ka fara kai shi ɗakin nan." Ya ce, "To Inna, in Allah Ya so."

Maganar Inna tana da tushe. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tsibin ya ji danshi, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya tambaye shi dalilin da bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, kuma ya nesanta mai algus daga gare shi. Malaman fiƙihu sun ce mai saye yana da ikon mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa. Saboda haka in rijiya tana ƙafewa da bazara, a faɗa. In gara ta ci azara, a nuna. In ruwa yana kwanciya a ƙofar gida da damina, ko akwai gardamar iyaka da wani, ko an taɓa binne wani a cikin gidan kamar yadda ake samu a wasu tsofaffin gidaje, duk a bayyana. Kuɗin zai iya raguwa kaɗan, amma abin da ya shigo hannu halal ne, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne a garin da kowa ya san kowa.

Dillali, shaidu da takarda

Dillali yana da amfani, domin shi ya san masu nema. Amma a yanke la'adarsa tun farko gaban shaida, a san nawa ne kuma wa zai biya, kada sai an ga kuɗi a fara ja-in-ja. Yana da kyau a ji bakin mutum biyu ko uku da suka san darajar gidaje a unguwar kafin a sa kuɗi, kuma in hali ya yi mai gida da mai saye su zauna ido da ido, don a toshe ƙofar abin da ake kira cin sama, inda za a sayar da tsada a kawo wa masu gida kaɗan. Wanda ya taya ba a sallama ba sai a ce masa albarka, ba faɗa. In an karɓi kafin alƙalami, a rubuta ranar cikawa da abin da zai faru in ba a cika ba.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu a wajen ciniki. A takardar cinikin gidan Inna an rubuta sunayen magada duka, da iyakokin gidan ta gabas da yamma da kudu da arewa, da kuɗin, da ranar miƙa makulli. An kuma fayyace abin da zai bi gida da abin da zai bi masu tashi: ƙofofi da tagogi da wayar lantarki sun zauna, fankoki da tankin ruwa da farantin sola sun tafi. Mai unguwa ya sa hannu, aka kai wa hakimi da uban ƙasa, kamar yadda ake kiran masu riƙe da gari da gunduma a ƙasar Sakkwato da Kabi. Kuɗin kuwa ta banki aka biya, kowane magaji aka tura masa nasa a asusunsa, matan ma kowacce a nata.

Ta fuskar hukuma, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Gidan da yake da takardar shaidar mallaka, wadda aka fi sani da satifiket, ba a kammala canza masa mai shi sai da amincewar gwamna ta hannun ma'aikatar filaye da ke Birnin Kebbi. Filayen karkara kuwa ƙaramar hukuma ce take da ta cewa a kansu. Uwargida, ko ba ke za ki je ofis ba, ki tambayi inda takardun gidanku suke tun maigida yana raye, ki kuma ajiye kwafinsu a adakarki. A biya kuɗin wuta da na ruwa da ake bin gidan, a miƙa wa sabon mai gida rasit, kada a bar masa gadon bashi.

Ɗaurin kaya

An tsayar da tashi bayan kaka, lokacin da hatsi ya shigo, hanya ta bushe, sanyin hunturu ya sauka. Wannan ya fi tashi a watan Afrilu da zafi kan haura digiri 40 a wannan yanki, ya kuma fi tashi da damina. Mutanen Kebbi ba su manta ambaliyar 2020 ba, wadda ta cinye gonakin shinkafa ta yanke hanyoyi da gadoji. Masu yara 'yan makaranta kuma sai su dubi hutu, su karɓi takardar canjin makaranta tun kafin a rufe.

Mako biyu muka yi muna ɗauri. Kayan jere aka fara saukewa, kwalla da samira da tangaran, ana naɗe kowanne da tsohon zane ana jerawa cikin manyan fanteka da kwali. Inna ta ware wasu ta raba wa 'ya'yanta mata da jikoki tun tana da rai, ta ce sashen da za ta shiga ɗaki biyu ne, ba ta ga amfanin kai kwanon da zai kwana a ƙarƙashin gado ba. Tufafi suka shiga jakunkunan Gana-mas-go, aka rubuta sunan mai kaya a jikin kowacce. Gero da dawa aka sheƙe aka zuba a buhu aka ƙirga. Alƙur'anai da littattafan marigayi da alluna aka sa su a akwati guda, aka ce shi za a ɗora a sama, kada a ɗora komai a kansa. Sarƙa da 'yan kunne da takardun gida da katin asibiti da magungunan hawan jini kuwa suna cikin jakar hannun Inna, ba su shiga mota da 'yan dako ba. Mai ciki ta riƙe katin awo a jikinta, mai goyo ta riƙe katin rigakafi. Muka kuma ware abin da muka kira kayan daren farko: tukunya ɗaya, garin tuwo da kuka da daddawa, buta, tabarma, gidan sauro, fitila da ashana. Wadda ta taɓa isa sabon gida da magariba yara na kukan yunwa ta san darajar wannan ƙulli.

Akwai wani ɗaurin da ba a yi da igiya. Inna tana cikin adashi na mata goma sha biyu, ta riga ta kwasa, saura zubi uku. Ta je wurin uwar adashi da kanta ta biya ukun gaba ɗaya. Ta mayar da turmin aro, ta karɓo faifanta da ke maƙwabta, ta biya mai nono da mai itace, ta kuma tuna waɗanda suka yi mata biki ba ta rama ba. Sannan ta bi gida-gida da daddare tana bankwana da neman gafara. A wani gida tsohuwar da suka yi shekaru ba sa ga-maciji saboda rigimar kaza ta riƙe hannunta ta ce, "Yaya, Allah Ya yafe mu baki ɗaya, ki sauka lahiya." Ranar tashi da asuba Inna ta zagaya bayan ɗakinta, inda aka binne cibiyar 'ya'yanta biyar, ta daɗe a tsaye tana addu'a, sannan ta share tsakar gida da hannunta ta miƙa makulli.

A kan hanya

Daga Gwandu zuwa Kalgo ana iya bi ta Birnin Kebbi, ana kuma iya fita babban titin Sakkwato a wuce Aliero a shiga Jega. Mu ta Jega muka bi, kanta ɗaya ɗauke da kaya da awaki a gaba, mu mata da yara a ƙaramar mota a baya. An yi jinga da direba da 'yan dako tun jiya, lodi da saukewa, kuma ƙanen maigidan ya zauna gaban kanta da takardar lissafin kaya. Aliero garin albasa ne da masu ɗorin karaya da suka yi suna har ƙasashen maƙwabta, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha. Jega kuwa tsohuwar cibiyar fatauci ce a bakin Gulbin Zamfara. A nan muka tsaya aka duba igiya, aka ba dabbobi ruwa, muka sayi albasa da busasshen kifi na miyar dare.

Kalgo, mai masaukin baƙi

Kalgo tana kan mahaɗar hanyoyi, ɗaya ta nufi Birnin Kebbi, ɗaya Jega, ɗaya kuma Bunza har zuwa Kamba a bakin iyakar Nijar. Sunanta ɗaya da itacen nan na kalgo wanda ake ɗaye ɓawonsa a yi igiyar ɗaurin kaya. An ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991, Kalgo kuma ta zama ƙaramar hukuma a 1996. Daga nan zuwa Birnin Kebbi tafiyar ba ta kai rabin awa ba a mota. Da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, a Kalgo ta fara zama, kuma mazauninta na dindindin yana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Ga kuma babban asibitin gwamnatin jiha a garin. Waɗannan su suka jawo ma'aikata da masu gidajen haya da masu shaguna, gonakin bakin gari suka zama fuloti. Ta yamma kuwa fadamar Gulbin Kabi ce shimfiɗe, inda ake noman shinkafa rani da damina.

Saboda haka mai neman gida ko fili a irin wannan gari mai tasowa ya buɗe ido. Kuɗin tsohon babban gida a cikin ƙauye ko tsohon gari ba lallai ya sayi rabinsa a kusa da jami'a ba, don haka a san farashin inda za a tun kafin a sallama na inda ake. A tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa yake bi da damina, a tabbatar da mai filin na gaskiya wurin mai unguwa da maƙwabtan iyaka, domin baƙo makaho ne ko da idonsa. In da hali kada a saki na hannu sai masauki ya tabbata, ko a nemi mai saye ya ba da wata ɗaya ko biyu kafin miƙa makulli, a kuma rubuta hakan a takarda.

Mun isa bayan azahar. Surukar Inna ta riga ta share sashen ta turara shi, ta cika randa. Aka shiga da bisimilla da addu'ar sauka a masauki wadda ta zo a hadisin Khaulatu bint Hakim, aka kunna karatun Suratul Baƙara, wadda hadisi ya nuna Shaiɗan yana gudun gidan da ake karanta ta. Kafin a kwance kayan jere sai da aka kafa gadon tsohuwa aka ɗaura gidan sauro. Washegari aka dama fura aka soya ƙosai aka aika gidajen da ke kusa, kafin la'asar mata sun fara shigowa yi wa baƙuwa barka da zuwa, har wata ta yi mata tayin makarantar Islamiyya ta matan aure da ke bayan layin. Zumunta a ƙafa take, kuma wadda ta fara miƙa hannu ita take riga samun 'yan'uwa.

'Yan'uwa, gida ƙasa ne da itace, wata rana dole a bar shi, ko a kan ƙafa ko a kan makara. Idan lokacin sayarwa ya zo, a tabbata mai takaba ta gama takabarta, kowace 'ya ta san rabonta, mai saye ya ga aibin da ke akwai, maƙwabci ya ji daga bakin masu gida, an kuma sauke bashi da adashi kafin a ɗora kaya. Allah Ya sa gidajenmu su zama masu albarka, Ya haɗa mu da maƙwabta na gari, Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa ƙaurarmu ta ƙarshe ta zama zuwa gidan Aljanna.